Ƙawar Hajiya Ta Nesa: Amanar da Ke Hannunki

   

A wannan watan ina so mu leƙa ɗakin tsohuwa. Ko mahaifiyarki ce, ko kakarki, ko uwar mijinki, ko wata gwaggo da zama ya kawo ta hannunki. Na san akasarinmu muna iya ƙoƙarinmu wajen tuwonta da kununta da maganinta da wankin kayanta, Allah ya ba da lada. To amma ga tambayata, 'yar uwa, ki ba kanki amsa tsakaninki da Allah: kin san sunan aminiyarta? Kin san garin da take zaune? Yaushe rabon da su ji muryar juna? Na kawo maganar ne domin a zamanin nan hanyar da ke tsakanin tsohuwa da ƙawarta ta nesa ta cikin wayarki ta bi. Ke ce gidan waya, ke ce mai rubuta wasiƙar, ke ce kuma mai karanta ta. In kin buɗe hanyar ta buɗu, in kin yi sakaci ta toshe, alhali su biyun ba su da sauran lokaci mai yawa na jira.

Unguwannin da kowa ke da nasa a nesa

Mu mazauna Fagge da Sabon Gari maganar ta fi shafarmu, domin kuwa tun asali unguwannin baƙi ne. Fagge zangon fatake ce a bayan ganuwa, inda ayarin Azbinawa da sauran 'yan kasuwa ke sauke kaya, kuma masana tarihi na danganta kafuwarta da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Unguwar Sabon Gari kuwa, bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ne aka yanka ta a wajejen 1913, saboda ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu da ƙasashen bakin teku. Sunayen titunanta ma kaɗai sun isa su ba ki labari: titin Abekuta, titin Enugu, titin Wari, titin Zungeru, har da Gold Coast, wato sunan ƙasar Gana kafin ta sami 'yancin kai a 1957.

Hausawa suka ce baƙo raɓa ne. 'Yan matan da suka tashi a layi ɗaya, suka yi tallan goro da gyaɗa tare, aure ya kai wannan Jos, ya kai waccan Ilori ko Maradi. Wasu kuma masifa ce ta raba su. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya, daga 1967 zuwa 1970, sun kwashe dubban mazauna Sabon Gari zuwa Gabas. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su fice, Hausawa da Yarabawa da yawa suka baro zangunan Kumasi da Akara, suka bar maƙwabtan shekara da shekaru a can. A Janairun 1983 Nijeriya ma ta yi wa mutanen Gana irin wannan sallama. Ga waɗanda suka kama hanyar Makka ta ƙasa suka yada zango a Sudan, ko suka isa Jidda suka zauna. Ko a baya-bayan nan, tashin bama-bamai na ranar 20 ga Janairu, 2012, da na tashar motar New Road a Maris ɗin 2013, sun sa iyalai da dama sun tattara sun koma garuruwansu.

Akwai kuma rabuwar da ba ta da labari a rediyo. Kasuwa tana ta cinye Fagge, gidajen gado na komawa shaguna da sito, magada su raba kuɗi, ɗa ya ɗauki mahaifiyarsa ya kai ta Rijiyar Zaki ko Mariri ko Ɗorayi. A ido cikin Kano take. Amma ga mai ciwon gwiwa, ga kuma yadda kuɗin Adaidaita Sahu ya tashi tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, Mariri da Fagge sun zama kamar Kano da Kumasi.

Daga kan sarki zuwa saƙon murya

Iyayenmu ba su taɓa barin nisa ya kashe zumunci ba, duk da wahalar da ke ciki. Mace mai kulle ba ta fita, yaro ne ƙafarta. In tana son aika saƙo sai ta jira ɗan makaranta ya dawo, ko ta aika wa malamin zaure ya rubuta mata da ajami, ko a je wurin masu rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya a biya su. Wasiƙar tana da tsarinta da kowa ya sani: a fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, a tambayi lafiyar gida kaf, sannan a ce dalilin rubuto wannan 'yar wasiƙa shi ne kaza, a rufe da jerin masu gaisuwa, wanda wani lokaci ya fi saƙon kansa tsawo. A sa a ambulan, a manna kan sarki, a rubuta lambar akwatin gidan waya na wani kamfani ko makaranta inda wani ɗan uwa ke aiki. Daga nan sai jira, mako uku, wata guda, wani lokaci har a fid da rai.

Ki lura da wani abu a nan. Maganar da ta fito daga bakin mace ɗaya sai ta bi ta hannun mai rubutu da bakin mai karatu kafin ta isa kunnen ɗayar. Saboda haka abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ya shiga takarda. Ni da nake koyar da ajin manyan mata a Islamiyya na sha jin dattijai suna cewa abin da ya fara sa musu sha'awar karatun boko shi ne su karanta wasiƙarsu da kansu, ba tare da wani ya ji sirrinsu ba. Wasu sun samu a azuzuwan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, wasu sai da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano a 1980. Da yawa kuwa har suka tsufa ba su samu ba.

Shi ya sa zuwan rikoda ya zame musu kamar salla. Tsohuwa ta kori yara, ta rufe ƙofa, ta zauna gaban rikoda ta cika kaset gaba da baya da magana, ta yi dariya, ta yi kuka, ta yi addu'a, a naɗe shi a leda a ba alhajin da zai tashi ko direban da zai yi Kudu, a haɗa da ƙullin kuka da daddawa. In amsa ta zo, sai an ji ta har zaren kaset ɗin ya tsinke a ɗaure shi. Wasu kuma ta katin gaisuwa na Zaɓi Sonka a rediyo suke sanar da juna cewa ana nan da rai.

Da wayar salula ta shigo a Agustan 2001 murna ta cika gari, sai dai minti ɗaya naira 50 ne a lokacin, ga mai lema a tsaye yana kallon agogo. Gaisuwar tsaye kawai ake yi a kashe. Sai a 2013, da WhatsApp ya kawo saƙon murya, kaset ɗin nan ya dawo da sabuwar riga, ba kan sarki, ba jiran alhaji. Abin takaici, ya dawo ne a lokacin da idon tsohuwa ya yi yana, yatsanta na rawa, ba ta gane ƙananan rubutun nan, babbar wayar kuma tana hannun 'yarta ko jikarta. Ashe dai har yanzu tana buƙatar ɗan aike, ɗan aiken kuwa ke ce.

Wai me suke faɗa wa juna?

Wata za ta ce, ai ba wata magana ba ce, maimaici ne kawai. Gaskiya ne, in kika ji farkon saƙon haka za ki zata. Za ta ba da labarin sanyin hunturun bana da yadda ya kama mata ƙugu. Za ta faɗi kuɗin kwanon gero, ta gwada shi da na zamanin fam da sule, kafin naira ta zo a 1973. Za ta faɗi wadda ta haihu da wanda aka yi wa takwara, da yadda ruwa ya shigo tsakar gida da damina, da cewa yanzu a zaune take salla, da abin da likita ya ce game da hawan jini. Sai ta shiga lissafin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya tun saƙon baya, tana faɗa tana yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya.

To amma ki tsaya ki yi tunani. A gidan nan kaf, wa ke kiran tsohuwar nan da sunanta? 'Ya'ya na cewa Hajiya ko Inna, jikoki na cewa Kaka ko Iya, surukai ko sunan mai irin sunanta ba sa iya kamawa saboda alkunya. Iyayenta sun tafi, maigidanta wataƙila ya tafi. A duniya saura mutum ɗaya ko biyu da za su ɗaga murya su kira ta da sunan yanka, ko da laƙabin da aka tsokane ta da shi a dandali shekara 60 da suka wuce. Mu mun san ta ne tana uwa. Ƙawar kuwa ta san ta tana yarinya, ta riƙe mata lalle ranar aurenta, ta san kishiyar da ta sha fama da ita, ta san 'ya'yan da ta binne waɗanda mu ko sunansu ba mu taɓa ji ba. A gabanmu dole ta zama babba mai haƙuri da kawaici. A gaban ƙawarta ne kaɗai take iya cewa ta gaji, ko tana jin tsoro.

Haka kuma akwai zancen da mu ba ma bari ta yi. Da ta ɗauko maganar mutuwa sai mu ce, haba Hajiya, a daina wannan magana. Muna yi ne don ƙauna, amma mun rufe mata baki. Ita kuwa sa'arta ba ta hana ta. Can ne za ta faɗi inda ta ajiye likkafaninta, da wanda take bi bashi da wanda ke binta, da zubin adashin da bai ƙare ba, da 'yar uwar da suka ɓata take son su shirya. Can ne za ki ji suna neman gafarar juna a ƙarshen kowane saƙo, domin kowacce ta san mai yiwuwa shi ne na ƙarshe. Sau da yawa bayan rasuwa, wasiyyar da 'ya'ya ba su sani ba a bakin ƙawa ake samunta.

Irin wannan hira da muke rainawa ita ce tarihi. Ku dubi Baba ta Karo, wata dattijuwa daga ƙasar Kano ta wajen iyakar Zazzau, wadda aka haifa a wajejen 1877. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 ta zauna da wata Baturiya mai suna Mary Smith a Giwa, tana ba ta labarin rayuwarta da Hausa, ita kuma tana rubutawa. Ba sarauniya ba ce, ba malama ba ce. Zancen aure da goyo da girki da biki ta yi, da yadda mata ke ƙulla ƙawance da musayar kaya, da bambancin ƙawa da ƙanwar rana, da abin da idonta ya gani na harin bayi da zuwan Turawa. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a Landan a 1954, kuma har yau duk mai son sanin yadda matan Hausa suka rayu a wancan zamani sai ya nemi abin da Baba ta ce. Da ba a sami mai saurare ba, da duk ya bi ta kabari. Kowace tsohuwa a lungunan Fagge tana ɗauke da irin wannan littafi a kanta, kuma shafukansa ne take aika wa ƙawarta.

Magabata ma sun yi

Kada ki ɗauka wannan al'adar Hausa ce kawai. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan uwantaka tsakanin sahabbai a Madina, ya haɗa Salmanul Farisi da Abud Darda'i (RA). Bayan shekaru aiki ya raba su, Abud Darda'i yana alƙalanci a Sham, Salmanu yana Iraƙi. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abud Darda'i ya rubuta wa abokin nasa yana gayyatarsa ya taso ya dawo ƙasa mai tsarki. Salmanu ya mayar masa da amsa cewa ƙasa ba ta tsarkake kowa, aikin mutum ne ke tsarkake shi, sannan ya ja masa kunne game da nauyin hukunci tsakanin mutane, ya kwatanta alƙali da mai magani wanda in bai ƙware ba sai ya yi kisa. Wasiƙar ta shige shi ƙwarai, har ya zama in ya yanke wa mutum biyu hukunci suka juya, sai ya kira su ya ce su sake maimaita masa ƙararsu. Dubi yadda dattijo ya gyara dattijo daga nesa da 'yan layuka. Wanne yaro ne a Sham zai iya gaya wa Abud Darda'i haka?

Uwar Muminai A'isha (RA) kuma ta ba da labari, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim, cewa bayan rasuwar Nana Khadija, Annabi (SAW) kan yanka akuya ya yanyanka ya aika wa ƙawayenta. A Muslim har wa yau an kawo cewa Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani Balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa. Da abokan tafiya suka yi mamaki, sai ya ce mahaifin mutumin nan masoyin Umar ne, kuma ya ji daga Annabi (SAW) cewa sada zumunci da masoyan mahaifi yana cikin mafi girman biyayya ga iyaye. Idan haka lamarin yake bayan sun rasu, ina ga lokacin da suke raye, suna zaune a ɗakin da ke kusa da naki?

A ƙasarmu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, duk da iliminta da ɗalibanta da matsayinta, da aminiyarta A'ishatu ta rasu sai da ta zauna ta yi mata marsiyya, a lokacin ita kanta ta manyanta. Ilimi da yawan zikiri ba su hana mutum kewar abokin tafiyarsa.

Kaɗaici a cikin taro

Wata za ta ce, ai mu nan ba Turai ba ne, tsohuwarmu tana cikin jikoki. Haka ne, alhamdulillahi. Amma mutum kan yi kaɗaici gida cike da jama'a, in kowa ya sunkuya a kan wayarsa, in duk wanda ya shigo ɗakin abinci ya kawo ko kwano ya zo ɗauka. Likitoci sun daɗe suna cewa rashin abokin hira na da alaƙa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon mantuwa da damuwa. A Yunin 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa mutum 1 cikin 6 a duniya na fama da kaɗaici, kuma ta alaƙanta shi da mutuwar mutane kusan 871,000 a shekara. Birtaniya har minista ta naɗa kan wannan matsala a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Mu kanmu mun ɗanɗana a Afrilun 2020, lokacin kullen korona, da aka yi ta rasa dattawa a Kano, tsofaffi na jin mutuwar sa'o'insu ba halin zuwa ta'aziyya. Duk wadda ta zauna da tsohuwa a wancan lokaci ta ga yadda jikinta ya yi sanyi.

Inda amanar take

Abu na farko, ki nemo lambar. In babu, ki bi ta 'ya'yan ƙawar, ko tsofaffin maƙwabta, ko 'yan garinsu da ke kasuwar Sabon Gari ko Kantin Kwari, da wuya a rasa wanda ya san wani. In kin samu ki rubuta a littafi da biro, tare da lambar ɗa ko jika guda biyu na can gidan. Tun da aka fara haɗa layukan waya da lambar ɗan ƙasa a ƙarshen 2020 layukan tsofaffi da yawa sun rufe, wanda kuma aka daɗe ba a yi amfani da shi ba akan sayar wa wani. Zumuncin shekara 50 bai kamata ya dogara da waya ɗaya da za ta iya faɗawa ruwa ba.

Na biyu, ki sa musu rana. Ko Juma'a bayan la'asar, ko Lahadi da hantsi, ranar da za ta riƙa ɗoki. Kada ki jira sai ta roƙa, domin kunya ba za ta bar ta ta ce wa suruka ta ara mata waya ba, kuma tana tausayin kuɗin katinki. Ki sa cajin, ki sa data, ki kai mata.

Na uku, shi ne mai wuyar: ki nuna mata inda za ta danna, ki fita ki ja ƙofa. Saƙon ba naki ba ne. Suratul Hujurat ta hana mu binciken sirrin juna, kuma wayar da ke hannunki ba ta halatta miki abin da ke cikinta ba. Mai yiwuwa a cikin saƙon akwai sunanki, ta ce miyarki ta yi gishiri ko ba kya shigowa gaisuwa da wuri. To sai me? Ke ma ai kina da wadda kike kai wa ƙarar uwar miji. Barin ta ta amayar da abin da ke ranta ga sa'arta, wadda galibi haƙuri za ta ba ta, ya fi ta haɗiye shi ya zama ƙulli a tsakaninku. Goge saƙo, ko ƙin aikawa, ko cewa ba netuwok alhali akwai, cin amana ne ko da ba wanda ya gani. In kuma ke ce mai rubutawa ko karantawa, kada ki rage, kada ki ƙara, kada ki gyara mata magana don ta yi daɗi, kada kuma ki kai wa maigida ko 'yan uwanki abin da kika ji.

Na huɗu, hoton fure mai ɗauke da barka da Juma'a ba wasiƙa ba ne. Tura mata wa'azin da aka turo miki ma bai maye gurbin muryar ƙawarta ba. Ki kuma tsare su daga saƙonnin magungunan da ake yaɗawa ba tushe, domin tsohuwa in ta ji daga ƙawarta gaskatawa take yi. Ba mu manta da daren ruwan gishiri na Agustan 2014 ba, lokacin tsoron cutar Ebola, da jita-jita ta sa mutane wanka da shan gishiri, masu hawan jini suka kwana a asibiti, wasu ma suka rasa rayukansu.

Na biyar, musamman gare mu 'yan Sabon Gari: ƙawar Hajiya tana iya zama Kirista, wadda suka yi shekara 30 suna raba katanga ɗaya, suka karɓi haihuwar juna, yanzu ta koma Anaca ko Benin. Kada ƙuruciya da ɗan karatun da muka samu su sa mu tsaya a tsakaninsu. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta bayyana cewa Allah bai hana mu kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba. Tsofaffin nan sun ga 1966 da idonsu, kuma ba su yar da juna ba. Mu ne ke da abin koyo a wurinsu.

Na shida, ranar da labarin da ake gudu ya zo, kada ki ɓoye shi har abada. Akwai gidajen da ƙawa za ta rasu a yi shekara ana ce wa tsohuwa wayar ce ta lalace, tana ta aika gaisuwa ga wadda ke cikin ƙasa. Ki duba lafiyarta, ki nemi babba ya zauna da ita a natse bayan ta ci abinci ta sha magani, a gaya mata. Haƙƙinta ne ta yi kuka, ta yi wa aminiyarta addu'a, ta yi wa 'ya'yan ta'aziyya da bakinta. In kuwa taki ce ta riga tafiya, ki tabbata ƙawar ta ji daga bakinku kafin ta ji a gari, kuma daga ranar gaisuwar salla da ɗan abin azumi sun koma wuyanki.

A ƙarshe, in sun yarda, ki adana saƙonnin nan a wuri mai kyau, kada ki share su don neman fili a waya. Wata rana jikokinki za su so jin muryar.

'Yar uwa, ki kuma dubi kanki. Ina ƙawarki ta makarantar allo, ina ta sakandare? Hidimar miji da yara takan sa mu ce sai an sami sarari, sararin kuwa ba ya zuwa. Zumunci a ƙafa yake, in ƙafa ta gaza a aika murya. Wadda kika riƙe yau ita ce za ta kira ki da sunanki ranar da kowa ke ce miki Hajiya Kaka, kuma yadda 'yarki ta ga kina yi wa tsohuwar gidanku haka za ta yi miki.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ƙara wa na raye lafiya, ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu, ya sa mu yi kyakkyawan ƙarshe. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.